Akun Indiya da Tsohuwar Zarewa

Akun nan na Magana Jari Ce, wanda duk wanda ya taɓa zama a ajin Hausa ya san shi, ba ɗan ƙasar nan ba ne. Daga Indiya ya taso, kuma aikin da aka ba shi a can dabam yake da wanda muka san shi da shi. A wani tsohon littafi na harshen Sanskirit mai suna Shukasaptati, wani matashin ɗan kasuwa ne ya tafi fatauci ya bar matarsa a gida tare da akunsa. Da tafiya ta yi tsawo, ƙawaye suka hure wa matar kunne, ta ƙudura fita wajen wani namiji. Kullum in dare ya yi ta ci ado za ta fita, sai aku ya tare ta da labari, ya ja ta har inda magana ta ɗaure, ya ƙi kwancewa sai ta fasa fitar. Haka ya yi ta yi har labari saba'in, mijin ya dawo. Mafi yawan labaran a kan abu ɗaya suke kewayawa: matar aure ta ci amanar mijinta, an rutsa da ita, ta yi dabara ta sha. Wajen shekarar 1330 wani malamin Sufaye mazaunin Indiya, Nakhshabi, ya mayar da littafin Farisanci da sunan Tutinama, ya taƙaita dararen zuwa 52.

Da Malam Abubakar Imam ya zauna a Zariya a 1936 yana rubuta nasa littafin, Magana Jari Ce, sai ya ɗauki akun ya bar matar. A gurbinta ya sa Musa ɗan Sarki Abdurrahman, yaron da zuciya ke ɗiba ya tafi fagen yaƙi, alhali tarkon Waziri ne ke jiransa a waje. Wanda ake tsarewa da labari ya tashi daga mace mai shirin ɓarna ya koma namiji mai gaggawa. A ganina wannan yana cikin manyan alheran da Imam ya yi wa yaran makarantar Arewa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Da ya kwafo tsarin yadda ya same shi, da yaranmu sun shafe shekara tamanin da ɗoriya suna koyon karatu tare da darasin cewa mace abar tsaro ce. Sai dai akwai abu ɗaya da ya biyo shi daga tsohon tsarin. A Tutinama tsuntsaye biyu ne a gidan. Macen ce ta fara magana, ta gaya wa uwar gida gaskiya ƙiri-ƙiri, aka kashe ta nan take. A wajen Imam ma macen ce ta fara hana Musa fita, ita ma ta rasa ranta. Namijin ya ga abin da ya faru, ya sake salo, ya ƙare da sarautar waziri.

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Karaye, kuma a ƙasar Rogo aka yanke mini cibiya. Idan muka zo darasin karin magana nakan ce kowace yarinya ta tambayo a gida wadda ta shafi mata. Abin da suke dawowa da shi ba ya canzawa. Mata dangin Shaiɗan. Ƙarfin mata sai yawan magana. In ba ku ba gida, in kun yi yawa gida ya ɓaci. Zama kai kaɗai ya fi zama da muguwar mace. Sai kuma jerin nan na "in ji kishiya" da ba ya ƙarewa. Suna karantowa suna dariya, domin maganganun suna da daɗin faɗi, gwanaye ne suka tsara su. Amma na sha ganin yarinyar da ta fi kowa kaifin basira a aji ta rubuta a takardar jarrabawa cewa wannan karin magana tana nuna ainihin halin mata. Ta karɓi hukunci a kan kanta tun ba ta cika sha shida ba, kuma ba wanda ya kira ta ta kare kanta. Abin da ya sa ke nan na bi sawun irin wannan hikima, in ga daga bakin wa take fitowa.

Sawun ya kai ni Indiya, domin littattafan hikimarta sun yi yawo a duniya fiye da yadda yawancinmu muka sani. Mafi shaharar su shi ne Pancatantra, littafi mai kashi biyar wanda ya haura shekara 1,500 a duniya. Gabatarwarsa ta faɗi dalilin rubuta shi. Wani sarki ne ke da 'ya'ya maza uku da suka ƙi karatu, ya danƙa su ga wani tsohon malami, Bishnu Sharma, shi kuwa ya yi alkawarin koya musu dabarun mulki cikin wata shida ta hanyar labaran zaki da dila da hankaka da ɓera. To a lura tun daga nan: namiji ne ke magana, maza ne ke saurare, darasin kuma shi ne yadda mai mulki zai tsare kansa daga duk wanda ke kusa da shi. A irin wannan aji bafade abin zargi ne, aboki abin zargi ne, wadda kuke kwana ɗaki ɗaya kuwa ta fi kowa. Shi ya sa za ka tarar da labarin kafintan da ya ɓuya a ƙarƙashin gado don ya kama matarsa da kwartonta, ta gane yana nan, ta shirya maganar da ta sa ya fito yana gode mata. Ga kuma labarin kada da matarsa ta tsaya kai da fata sai ya kawo mata zuciyar biri, amininsa. Tsakanin labari da labari ana jera baitoci masu gargaɗin cewa zuciyar mace ba ta zama wuri ɗaya, kuma ba a ba ta ajiyar sirri.

Littafin dokokin Manu, wanda malaman Hindu suka daɗe suna kafa hujja da shi, ya raba rayuwar mace hannu uku: na uba, na miji, na ɗa, babu ranar da za ta riƙe kanta. Shi ne kuma dai ya yi alkawarin albarka ga gidan da ake girmama mata, da rushewa ga gidan da ake baƙanta musu. Yabo da dabaibayi a numfashi ɗaya. Duk macen da ta taɓa jin "in ba ku ba gida" ta san rabin da ke biyo baya.

A zamanin Kisra Anushirwan, wanda ya mulki Farisa daga 531 zuwa 579, likitansa Barzawaihi ya je Indiya ya dawo da Pancatantra, ya fassara shi zuwa Farisancin lokacin. Wajen 750 Abdullahi ɗan Muƙaffa ya mayar da shi Larabci da sunan diloli biyun da ke cikinsa, Kalila wa Dimna. Wannan ne ya ratso Sahara ya shiga gafakar malamanmu. Ya zo tare da Alfu Laila wa Laila, wanda aka gina shi a kan sarkin da matarsa ɗaya ta ci amanarsa ya huce a kan 'yan matan ƙasarsa duka, kuma a cikinsa akwai labarin wazirai bakwai da ke jero misalan makircin mata don su ceci ɗan sarki. A 1924 aka buga shi da Hausa da sunan Dare Dubu da Ɗaya ta hannun wani jami'in Turawa, Frank Edgar, wanda tun tsakanin 1911 da 1913 ya fitar da littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa. Waɗanda suka rubuta masa tatsuniyoyin malamai ne maza.

Ba ina cewa karin maganarmu aro ce daga Indiya ba. Tamu ce, a nan aka haife ta. Abin da ya haɗa su shi ne wurin da aka zauna aka tsara su: fada, zaure, majalisar ƙofar gida, gindin bishiyar kasuwa, duk wuraren da mace ba ta zama. Abin da littattafan suka ƙara wa tamu shi ne kwarjini. Maganar da aka ji a rumfar mahauta ana iya musanta ta, amma in aka ji irinta a bakin malami, da Larabci, daga cikin littafi, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Wanda ya karanta littattafan a natse kuwa zai ga ba su yarda da kansu ba. A Kalila wa Dimna akwai wasu tsuntsayen bakin teku, miji da mata. Macen ta ce a ɗauke sheƙa daga gaɓa kafin ruwa ya cika, namijin ya ce teku ba ta isa ta taɓa shi ba, ruwa ya zo ya tafi da 'ya'yan. Akwai sarauniya Irakht, wadda ta hana mijinta bin fassarar mafarkin da maƙiyansa suka ƙulla masa don ya kashe makusantansa da hannunsa, ta tura shi wajen malamin gaskiya. Wanda ya fi jan hankalina shi ne labarin tunku. An bar jariri da tunkun gida, maciji ya shigo, tunku ya kashe shi, ya fito ƙofa baki duk jini yana murna. Wanda ya fara dawowa gida ya ga jini, ya zaci jaririn aka cinye, ya kashe tunkun kafin ya leƙa ɗaki. A Larabcin ɗan Muƙaffa mijin ne ya yi wannan aika-aika. A Hitopadesha, wani littafin Indiya da ya tsiro daga wannan tushe, shi ma mijin ne. Amma a kwafin Pancatantra da wani malami mai suna Purnabhadra ya tsara a 1199, matar ce ta kashe tunkun. Labari ɗaya, jini ɗaya, sai dai wuyan da aka rataya wa laifin ya danganta da wanda ke riƙe da alƙalami.

Har ayar da ake yawan jawo mana daga Suratu Yusuf, wadda ke siffanta kaidin mata da girma, mai karatu ya koma ya duba wa ya furta ta. Namiji ne, Azizun Masar, a kan abin da ya faru a gidansa. A surar nan dai maza goma sun haɗa baki sun jefa ƙanensu a rijiya, sun shafa wa rigarsa jinin ƙarya, sun zo wa mahaifinsu da daddare suna kuka. Ban taɓa jin an kafa hujja da wannan an ce kada a amince wa namiji ba.

Alƙali ba ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Abin da muke kira hikimar magabata a kan mata shaidar ɓangare ɗaya ce, an adana ta da kyau, an goge ta har tana sheƙi. Ɗaya ɓangaren ba a rubuta shi ba sai nadiran. Mu mutanen Karaye da Rogo muna cikin 'yan ƙalilan da Allah ya ba wannan nadirin, kuma yawancinmu ba mu san da shi ba.

A 1877 aka haifi wata yarinya a Karo, wani ƙauyen gandu kusa da Zarewa, garin da yau ke cikin ƙaramar hukumar Rogo. Ana kiranta Baba. Kakanninta daga Barno suka zo, mahaifinta manomi ne kuma malamin allo. Ta tashi a zamanin da mahara ke faɗo wa mutane a gona, zamanin da in aka ji kururuwa kowa ke kwasar yara ya nufi cikin ganuwar Zarewa. Ta ga an kama matan danginta, ta ga an tara wuri an je an fanso su. Tana cikin shekarunta na ashirin Turawa suka ci Kano a 1903. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana tsohuwa a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga farko. Mijin Baturiyar, M. G. Smith, mai binciken al'adu ne, amma kulle ya tsayar da shi a zaure. Matarsa ce ta iya shiga cikin gida. Ta rubuta abin da Baba ta faɗa da Hausa, ta fassara shi, aka buga shi a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta ga littafin ba, ta rasu a 1951. Yau ana karanta shi a jami'o'in Turai da Amurka, ga shi kuwa ban taɓa cin karo da shi a ɗakin karatun wata makaranta a ƙasarmu ba.

Aure huɗu ta yi. Na farko na zumunci ne, iyaye suka haɗa, ba ta so. Ta zauna don ta fita haƙƙinsu, da ta ga ta sauke nauyin sai ta nemi rabuwa. Ta yi shekaru masu yawa da wani malami, suka rabu ba tare da gaba ba. Miji na uku mutuwa ce ta raba su. Na ƙarshe irin auren nan ne na manya da kowa ke zaune a gidansa, wanda ake kira auren takalmi. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙo, ta yi ungozomanci, kuma mata suna kawo mata matsalolinsu na aure. Da ma'aunin karin magana aka auna ta, da an ce mai yawan aure ce, juya ce. A cikin labarinta kuwa mace ce mai mutunci da ake shawara da ita, wadda ta san kowane reshe na danginta, wa ya auri wa, wa ya riƙe ɗan wa, nawa aka kai biki nawa aka mayar.

Wannan lissafi na biki shi ne ya fi burge ni, domin har yau ina ganinsa a hannun iyayenmu a Fulatan da Zoza da Yammedi. Mace ta kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna, ranar nata sha'anin a ninka mata, a yi ta ninkawa har ya yi nauyi a koma farko. Ba takarda, ba shaida, kuma ba a mantawa. Ga kaɗin auduga, ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ga daddawa da fura, ga tara kwanuka da tasoshi tun 'ya tana goye don ranar aurenta. Duniya ce guda mai dokokinta da bashinta da amanarta, tana gudana a bayan katangar da mai karin magana ke jingine da ita. Mutanen da aka ce ba a ba su ajiyar sirri su ne ke riƙe wa juna dukiya shekara da shekaru a kan kalmar baki.

Baba ba ta wanke mata ba, kuma wannan ne ya sa shaidarta ke da nauyi. Ta faɗi kwartanci, ta faɗi kishin da ke kai mace wajen boka, ta faɗi gidajen karuwai da magajiyarsu, ta faɗi bori. Ta kuma faɗi kishiyoyin da suka zauna lafiya suka riƙe wa juna 'ya'ya. Bambancinta da littafin aku ɗaya ne, amma babba. A wajen Baba, in mace ta gudu daga gidan miji za ka ji dalili: an ba ta wanda ba ta so, ko mijin ba ya ciyarwa, ko yana duka, ko zuciyarta tana wajen wani tun kafin a ɗaura. Kana iya ƙin yarda da abin da ta yi, amma ka san mutum ce ta yi shi. A littattafan hikima kuwa mace tana cin amana ne don kawai ita mace ce. An cire dalili an bar hali, sai hali ya zama na jinsi duka.

Da aka cire dalilin ne kissa ta zama abin zargi. Mu duba abin da akun Imam ya yi da kyau. Ya ga wadda ta faɗi gaskiya kai tsaye ta mutu, sai ya koma lallashi da yabo da jan lokaci, yana nuna wa Musa kamar yana goyon bayan fitarsa alhali hana shi yake yi. Wannan ita ce kissa, ba ragi ba ƙari. Makamin wanda ba shi da ikon cewa a'a ne. Da aku ya yi ta, aka ce hikima, aka naɗa shi waziri, aka ce magana jari ce. In matar gida ta yi ta don ta samu abin da bakinta bai isa ya nema a fili ba, sai a ce makirci. Iyayenmu da suka ce kissa ta fi magani ba koyar da yaudara suke yi ba. Sun ga abin da ke samun wadda ta yi magana kai tsaye.

Su ma matan suna da nasu rumbun. Namiji ba ɗan goyo ba. Namiji barkono, sai an tauna ake sanin yajinsa. Namiji ƙanin ajali. A tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki bayan sallar lisha kuwa, sarkin wayo da haɗama da cin amana namiji ne, Gizo, ita kuwa Ƙoƙi ita ke fama da ɓarnarsa. Kowane ɓangare ya yi wa ɗaya baƙin fenti daidai gwargwado. Amma ba a taɓa cire yaro daga makaranta don an ce namiji ƙanin ajali ba ne. Karin maganar mata ta tsaya a tsakar gida tana rage zafi, ta maza ta fita ta zama hujjar yanke shawara.

Kuma ba a rasa masu tsawatarwa ba tun da. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke kwana koyar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata kada su saurari masu nanata musu biyayyar miji suna ɓoye musu biyayyar Allah. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jagorori mata da ake kira jaji tana ba su malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Indiya ma tana da irin su. A ɗaya daga cikin tsoffin littattafan addininsu akwai Gargi, macen da ta miƙe a fadar Sarki Janaka ta tsare babban malamin zamanin da tambayoyi. Akwai Therigatha, tarin waƙoƙin mata masu bin addinin Buddha da ya haura shekara 2,000. Waɗannan ba su samu masu kai su Farisa da Bagadaza da Kano ba. Labaran makirci sun fi daɗin hira, su fatake suka ɗauko.

Abin da ya biyo baya a Indiya darasi ne gare mu. A 1829 aka haramta ƙona mace da gawar mijinta. A 1856 doka ta halatta wa matar mamaci ta sake aure. A 1961 aka haramta dukiyar da iyayen amarya ke biyan dangin ango. A 2005 aka daidaita 'ya mace da ɗa namiji a gadon dukiyar gidan Hindu. Duk da haka har yau kotunansu suna shari'ar amaren da aka kashe a kan wannan dukiya, kuma sai da gwamnati ta yi doka a 1994 ta hana likitoci faɗin jinsin ɗan tayi, saboda yawan zubar da cikin 'ya mace. Doka takan canza cikin zama ɗaya na majalisa, abin da aka sha a nono yakan ɗauki ƙarni.

Mu namu ya fi ban takaici, domin haƙƙin yana hannunmu tun tuni. Musulunci ya yanka wa mace rabonta na gado fiye da shekara 1,400 da suka wuce. Amma a ƙauyukanmu sau nawa ake raba gona a ce rabon wance yana hannun yayanta, ana ajiye mata, har ta tsufa ba ta ga ko buhu ɗaya na masarar da aka noma a ciki ba? Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992 noman rani ya ƙara wa ƙasa daraja a wannan yanki, wannan ajiya kuwa ta ƙara tsawo. In ta yi magana a ce mace ce, zuga ta aka yi. Sau nawa kuɗin taki ke fitowa daga adashin uwar gida ko daga akuyar da ta kiwata, sannan in an zo shawarar sayar da amfanin a ce ba a shawara da mata? Kowace shekara ina rasa ɗalibai tsakanin aji uku da aji huɗu na sakandare. In na bi sawu, ba kasafai uban ke ce mini ba shi da hali ba. Cewa yake, Malama, karatun mace ai a madafi yake ƙarewa. Mutumin nan ne kuma zai tsaya a ƙofar asibiti yana neman ma'aikaciya mace ta duba matarsa, a ce masa babu.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta san wannan a jikinta. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi da girmanta, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a birnin Chennai ya buga fassarar Alhaki da Turanci, Indiyawa suka karanta labarin Bahaushiyar da miji ya kora da 'ya'yanta ta tsaya da ƙafarta ta hanyar sayar da abinci. Mun daɗe muna kallon finafinansu, tun daga Mother India har zuwa fassarar Indiya-Hausa da ke cike da wayoyin yaranmu, muna ganin kanmu a cikin auren dolensu da surukansu. Wannan karon su ne suka ga kansu a cikin namu, kuma daga bakin mace.

Ba na neman a daina koyar da karin magana, ko a ajiye Kalila wa Dimna. Dukiya ce, ni ma da ita nake cin abinci. Abin da nake nema shi ne duk malamin da ya rubuta "mata dangin Shaiɗan" a allo ya tambayi ajinsa wa ya faɗa, a ina yake zaune, wa ba ya wurin. Ina roƙon Masarautar Karaye, wadda dokar 2024 ta bar mata ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu, su nemo labarin Baba da Hausa su sa shi a kowace sakandare, domin 'yar Zarewa ta san cewa wata daga garinsu ta riga ta yi magana duniya ta ji.

Ku kuma 'yan matana, kusan kowace a cikinku tana iya samun aron waya mai naɗar murya. Akwai tsofaffi a Turawa da Kurugu da Gwangwan da Beli waɗanda suka yi aure kafin a samu 'yancin kai a 1960, suka ga zamanin dalar gyaɗa, suka sha yunwar farin 1973, suka binne 'ya'ya suka raini na wasu. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce Iya, a ba mu labari tun daga farko, kada ku katse su. Ku naɗa, ku rubuta da Hausar da suka yi, ku kawo makaranta mu adana. Ku fara da wadda ta fi tsufa a gidanku, a wannan hutun.